Ɗigo a Hawa na Huɗu

Ni ke riƙe da littafin taron gidanmu,
bene mai hawa shida a kan tudun Genoa,
inda teku ke leƙenmu ta tsakanin igiyoyin shanya.
Shekara goma sha ɗaya ina rubuta wa ya ce me.

Da ɗigo abin ya fara.
Tullio na hawa na huɗu ya farka, ya ga silinsa
ya zana taswirar ƙasar da babu ita.
Ya tara tukunyar taliya,
ɗis, ɗis, har asuba.
Ya ce tukwanen Ersilia ne,
ta samansa, mai lemun tsami bakwai a baranda.
Ersilia ta ce bututun na kowa ne,
an binne shi tun Tullio bai san kansa ba,
lemun kuwa marigayi mijinta ya dasa,
mai taɓa su sai ya bi ta kanta.

Muka zauna a ɗakin ajiye kekuna, mu goma sha biyu.
A nan ba a ƙirga hannu, auna shi ake yi:
mai babban falo ƙuri'arsa dutse,
ni mai ɗaki da rabi, tawa gashin kaza.
Aka tashi baram-baram.
Na rubuta: ba a cim ma matsaya ba.

Lauyoyi suka zo, takalma na sheƙi.
Takarda ta haifi takarda.
Masu aron gishirin juna shekara talatin
suka koma gaisawa ta wasiƙa mai hatimi.
In lif ya haɗa su, kowa ya ƙura wa lambobi ido
kamar yau ya fara koyon ƙirga.

Kafin alƙali, aka ce a gwada sulhu.
Nives, 'yar siririya mai tabarau rataye a wuya,
ba ta tambayi wa ke da gaskiya ba.
Ta ce, nawa ne gyaran?
Yuro dubu uku da ɗari biyu.
Nawa lauyoyi suka ci?
Tullio ya dubi farcensa.
Ta ce, ashe kun sayi bututun nan sau huɗu,
ga shi har yau yana zuba.

Muna kallon sili, ba mu kalli ƙofa ba.
Na hawa na biyu suka sayar, sai na uku.
Akwatin makulli mai lambobi ya tsiro a bakin shiga,
baƙi na jan jaka mai taya, kwana uku su ɓace.
Farashi ya haye matakala da gudu, ya bar mu muna haki.
Kowace Litinin dillali na zuro kati ta ƙarƙashin ƙofa.
'Yar Tullio, da aka haifa a nan,
ta nemi haya a unguwar, ta gaji,
yanzu sai ta yi awa guda a jirgin ƙasa take ganin ubanta.

Suka sa hannu, rabi da rabi.
Mai gyara ya fasa bango, ya nuna mana da tocila:
tsatsa ce kawai, da tsufa, da iskar gishiri.
Babu wanda ya yi laifi.
Shekara biyu, kuma babu wanda ya yi laifi.
Ƙadangaren dai ya riga ya shiga.

Jiya a taro mu biyar ne,
da wani yaro mai jakar fata, wakilin kamfani,
ƙofa bakwai a aljihunsa.
Ya ce tsire-tsire a baranda na ɓata hoton talla,
a kwashe su kafin bazara.
Hannunsa ɗaya ya rinjaye mu duka.

Na ce, masu adawa?
Ersilia ba ta ko motsa ba.
Tullio ne ya ɗaga nasa, yana rawa,
ya bar shi a sama har bayan an gama ƙirga.

Na rubuta wannan ma,
ko da yake babu layinsa a littafin.